Ranar da Na Ce Na Yafe

Ni tela ne a Sabon Garin Wudil, ko in ce a da ni tela ne. Kekena na takawa ne, kuma da ƙafar dama nake taka shi tun ina saurayi.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, na hau acaɓa zan je sayen zare. Muna daf da gada wata motar kaya ta fito daga lungu ba ko hon, ta kwashe mu. Ɗan acaɓan ya tashi yana karkaɗe riga. Ni kuwa ƙafar daman nan ta karye ƙasa da gwiwa. Waɗanda suka ɗauke ni ba asibiti suka nufa ba, garin Utai suka kai ni wurin wani mai ɗori da kowa ke yabon hannunsa. Ban yi musu ba, don a lokacin ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani.

Bayan kwana uku, ina kwance a zauren gidanmu, sai ga direban da mai motar da dattawan unguwarsu sun zo dubiya, da lemo da gwangwanin madara. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Direban ya durƙusa, kansa a ƙasa. Babban cikinsu ya dubi mahaifina ya ce, "Malam, tsautsayi ne ya gitta. Afuwa muka zo nema."

Baba ya juyo ya kalle ni. A gidanmu ba a taɓa kai mutum ƙara ba, kuma da wannan yake tinƙaho.

Na ce, "Ba komai, na yafe. Haka Allah ya rubuta."

Zauren ya ɗauki sa albarka. Wallahi har daɗi na ji, kai ka ce wata jarrabawa na ci. Washegari aka kawo takarda daga wurin 'yan sanda, wai an sasanta, a saki mota. Na sa hannu ban karanta ba.

Ɗorin bai kama daidai ba. Ƙafar ta gajarce, ta karkace, in na ɗan taka keke sai zafi ya hau har ƙugu. Likita a Kano ya ɗaga hoton ƙashin ya ce sai an sake karyawa an sa ƙarfe, aikin da ko keke da shago na sayar ba zan iya ba. Masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifinsu ba, ba wanda zai bar 'ya'yansa ba kayan Sallah saboda ƙafata.

Sai a lokacin wani abokina ya kai ni wurin lauya. A bakinsa na fara jin cewa ina da haƙƙin neman diyyar magani da ta sana'ar da na rasa, kuma irin motocin nan ana yi musu inshora don haka. Ya nemi rahoton asibiti na ranar hatsarin, na ce mai ɗori ba ya rubutu. Ya nemi na 'yan sanda, na miƙa masa takardar nan. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Malam, nan ka yarda ba ka neman komai a wurinsu, yanzu ko nan gaba. Wa ya tilasta maka?"

Na ce, "Ba kowa."

Gaskiya na faɗa, kuma ita ta fi ci min rai. Ya ce ana iya gwadawa, amma duk shaidun da nake da su shaidun yafiya ne. Na je wurin mai motar da kaina. Ya tarbe ni hannu biyu, ya sa aka kawo min ruwa, ya ce mutum irina ba ya janye maganar da ya yi a gaban dattawa. Da na kai wa Baba kuka, cewa ya yi, "Kada ka ɓata ladanka."

Bara mota ta buge wani magini maƙwabcinmu, ta karya masa cinya. Dattawan da za su nema wa direban afuwa suka biyo ta gidanmu suka ce in taso, ni ya kamata maginin ya gani. Na ɗauki sandata na bi su, ina ta maimaita abin da zan faɗa masa a zuciya: kada ka sa hannu, ka fara zuwa asibiti. Muna zama liman ya nuna ni ya ce masa, "Ga ɗan'uwanka nan. Ya yafe, kuma Allah bai bar shi ba."

Shekara biyu ke nan ban ɗinka ko hula ba. Na buɗe baki, sai na ga Baba a gefe, ya tsufa, yana dubana fuskarsa cike da jin daɗi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya ƙara sauƙi."

Ina zaune maginin ya ce ya yafe. Aka shafa fatiha, har da hannuna.