Malam Zulkifli Amidu, Mai Hana Dangwale

Haihuwa

An haifi Malam Zulkifli a shekarar 1951 a Zongon Lome, ƙasar Togo. Mahaifinsa shi ne Alhaji Amidu mai goro, mahaifiyarsa kuma Hajiya Meimuna. A 1964 wani dillali ya kawo wa Alhaji Amidu takardar Turanci game da gidan da ya gada a unguwar Nima ta Accra, shi kuwa ya dangwala yatsa bisa amana ba tare da an karanta masa ba, ashe sallama gidan ya yi. Zulkifli yana tsaye a wurin, kalma ɗaya tak ya riƙe a saman takardar, wato "estate", kuma ya ƙudurta sai gidan ya dawo.

Neman Ilimi

Bayan ya sauke Alƙur'ani ya kuma kammala makarantar Faransanci a unguwar Nyékonakpoè ta Lome, ya tafi Accra a 1970 domin koyon Turanci. Kai, a nan ne kalmar ta zame masa jaraba! Ya gano cewa "real estate" filaye ne da gidaje, "estate agent" dillalinsu ne, "housing estate" rukunin gidaje ne, dukiyar da mamaci ya bari ma da ita ake kiranta. Ranar da ya ji ana ce wa 'yan jarida "fourth estate", ya yini yana tare abokai a hanya yana ba su labari, har suka koma canza kwana in sun hango shi.

Aiki da Aure

A 1976 ya dawo Lome ya kafa tebur a ƙofar masallaci yana fassara takardu. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba a taɓa tawada sai an karanta takarda da ƙarfi sau uku, da Turanci, da Hausa, sannan da Faransanci ko harshen Mina. Attajiri ko talaka, idan ya miƙa yatsa da gaggawa, Malam kan kama hannun ya ce, "Alhaji, yatsan nan ba guduwa zai yi ba!" Daga nan ya sami laƙabinsa, kuma gidajen da ya kuɓutar Allah kaɗai ya san adadinsu. Ya auri Malama Ajaratu a 1979, wadda takan ce ta auri mutum ne tare da kalmarsa.

Ƙarshen Rayuwa

Babbar 'yarsa Afra'u ta zama lauya a Accra, kuma a 2009 ta shigar da ƙara kan gidan kakanta. Shari'ar ta ɗauki shekara goma sha uku, a cikinsu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya raba Malam da alƙalami. A watan Maris na 2022 aka yi nasara, unguwa ta ɗauki guɗa, Afra'u ta iso da takardar karɓar gida, sai dai babu halin sa hannu. Malam ya sa ta karanta masa sau uku cif, bai yafe mata ko layi ɗaya ba, sannan ya yi dariya ya dangwala babban yatsansa, karo na farko a rayuwarsa.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa bayan kwana huɗu, ranar Juma'a, yana da shekara saba'in da ɗaya. Masu wankan gawa sun shaida cewa tawadar ba ta gama fita daga yatsan ba, haka aka binne shi da ita a maƙabartar Zongo bayan sallar la'asar. Ya bar matarsa Ajaratu da 'ya'ya huɗu: Afra'u, Taufiq, Djamila da Amidu, wanda shi ke zaune a gidan Nima yanzu. Allah ya haskaka makwancinsa.