Ni a Mota, Sahabi a Jirgi

Salamu alaikum. Masu tambayata da daɗewa, ina raye. Idona ne ya hana ni duba waya.

Ina shara a gonarmu ta Adabka na fara ganin wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a idon dama. Na ɗauka rana ce. Kwana kaɗan sai duhu ya sauko daga gefe, kamar an ja labule.

Inna ta ce, "Lawali, wanga ba na tozali ba ne. Tai asibiti."

Babur ya kai ni Gummi, daga can aka tura ni Sakkwato. Aka ɗiga min magani, aka haska. Likita ya ce fatar bayan idon ce ta ɓare, aikin sai Legas, kuma kowace rana tana da muhimmanci.

A bencin jira na haɗu da Sahabi, wanda muka yi aji ɗaya a Bukkuyum. Yanzu babban dillalin hatsi ne. Ciwonmu ɗaya, takardarmu ta zuwa Legas ɗaya.

Ina ji ya kira ɗansa: "Nemo min jirgin gobe."

Na tambaye shi tafiyar awa nawa ce. Ya ce in ba a biya Abuja ba, ba ta kai biyu.

Awa biyu! Ni daga gida zuwa kwalta a kan babur na fi haka.

Na koma gida. Sai da muka jira ranar kasuwa aka sayar da shanun huɗarmu. Sannan na shiga doguwar mota, yini da kwana, ga ramuka ga shingaye. Duk girgiza sai in ji kamar sauran ganin ke zubewa. Ban yi tunanin mutuwa ba, Sahabi kawai nake tunani. Me ya fi ni? A aji ni ke yi masa lissafi.

Na isa asibitin Legas na tarar an yi masa aiki tuni, yana shan shayi. Na ce masa sannu, amma bakina ɗaci.

Aka yi nawa. Aka sa min iska a cikin ido, aka ce in kwanta rub da ciki, fuska a ƙasa, sai cin abinci da sallah ke tada ni.

Ranar sallama likitar da ta yi mana aiki ta ce, "Ku duka, ban da hawa jirgi har iskar ta tafi. Idon zai iya lalacewa."

Na yi dariya. Ni da jirgi! Amma wallahi na ji sanyi da aka hana shi.

Sahabi ya yi shatar mota, ya ce, "Taho mu tai tare." Shi ya ciyar da ni har Gummi, bai ko nuna min ba. Wannan ma ya ƙona min rai.

Yau idonsa garau. Nawa ya dawo rabi. Likita ta ce jinkiri ne. Ina noma, ina karatu da tabarau, alhamdulillahi. Ina roƙon Allah Ya wanke min zuciya, don ba ta gama wankuwa ba.

Na gode wa Inna, da likitocin, da Sahabi.

In kun ga duhu ko walƙiya a ido, kada ku tsaya ɗiga komai, ku tafi asibiti ran nan. In kuma kuna da hali, kuka ga ɗan'uwa a bencin asibiti, ku tambaye shi yadda zai isa.