Mastik ɗin da Awaki Suka Cinye

Ko komai na aikin nan ya fita daga kaina, ba zan manta da ranar da na tsallake gulbi ina rungume da gilashi ba. Ku sababbin ma'aikata kuna jin ana kirana Na-Awaki kuna dariya a ɓoye, to gara ku ji tushen sunan daga bakina kafin wani ya ƙara masa gishiri.

Lokacin ni ne babban ma'aikaci a ataliyen Alhaji Idi, shagon aikinsa da ke Gidan Rumji, wato daga maigida sai ni. Aikina sa gilashi: tagogin gidaje, da na motocin tasha masu zuwa Maraɗi. Sai ga wani aiki da ban taɓa yin irinsa ba. Mutanen wani ƙauye da ke hayin gulbi suna da jirgin katako da suke tsallakowa da shi idan damina ta zauna. Sun kafa masa ƴar rumfa mai tagogi huɗu, don maras lafiya da mai naƙuda su sami inda za su fake kafin a kai su likita. Tagogin sun ruɓe, ana son sababbi.

Ga wanda bai san gulbinmu ba, ruwa baƙo ne a cikinsa. Yakan zo da damina ya yi haukansa ya wuce, sauran watanni yashi ne zalla. Da bazara muka je, muka tarar da jirgin kwance ƙarƙashin gawo. Mai tuƙa shi, wani dattijo Tanko, yana zaune a inuwa.

Ni kuwa duk duniya ba abin da nake tsoro kamar ruwa. Ko tafki ban taɓa shiga ya wuce idon sawuna ba. Saboda haka na ɗauki aikin kamar yaƙi tsakanina da ruwa. Na ƙi ƙusoshin ƙarfe, na ce tsatsa za ta cinye su. Na sa aka sayo bis na inokis daga Maraɗi, su ne ƙusoshi masu murɗawa farare da ba sa tsatsa. Na huda ramukan da ɗan faɗi, don idan katako ya sha ruwa ya kumbura kada ya matse gilashi ya fasa. Na shafe katakon da fenti mai mai. Har nan dai ba wanda zai kushe ni.

Saura abin da zai riƙe gilashin a gurbinsa. Alhaji Idi ya ce, "Sani, ka sa roba kamar yadda kake yi wa motoci, ka danne da siririn katako."

Na ce, "Ranka ya daɗe, roba ta mota ce. Rana za ta busar da ita, ruwa ya sami hanya. Mastik zan sa, kuma ba na kanti ba, da hannuna zan kwaɓa."

Mastik shi ne ƙullin da ake liƙawa a gefen gilashi ya bushe ya riƙe shi. Na daka alli ya yi laushi, na kwaɓa da man gyaɗa mai kyau, sabon tatsa, wanda ƙamshinsa ke tashi tun daga ƙofar gida. Ina liƙawa ina yi wa Tanko lacca cewa mai da ruwa ba sa haɗuwa. Ya shinshina ya ce, "Wanga aiki naka ƙamshin ƙuli-ƙuli shi kai." Na ɗauka yabo ne, har na gode masa.

Da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, tun gulbi bai kawo ba, sai ga saƙon Tanko: in zo maza. Na hau babur da ƴan kayan aiki da guntun roba, ina ta tunanin inda ruwa ya ci ni.

Ruwa bai taɓa aikina ba. Bis ɗina na nan suna ƙyalli, fenti ko ƙwarzane babu. Mastik ne babu, ko ɗigo. An lashe gefen kowane gilashi tas, sai ƴan ƙananan ƙusoshin da na kafa a kusurwoyi ke tallafe da shi, yana rawa. Tanko ya nuna mini garken awaki a bakin gaɓa. Na wani makiyayi ne, Buba, wanda duk rani a gindin gawon nan dabbobinsa ke wuni.

Na haɗiye kunyata na kama aiki da robar da na raina. A ƙauyen na kwana wajen dangi, cikin dare gulbi ya kawo ya cika, aka saka jirgin a ruwa a gaɓarsu, don haka a nan nake aikin, ƙafa ɗaya a ƙasa. Na gama tagogi uku, na ciro gilashin na huɗu ke nan, na gefen gabas, sai hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Sai ga amalanke a guje. Inna Hajo ungozoma ce, da Buba, da ɗiyarsa Dije kwance a tabarma. Naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun safe, jikinta ya yi zafi, tana rawar sanyi.

Na ce a ba ni ɗan lokaci. Inna Hajo ta dube ni ta ce, "Ɗana, yarinyar ga ba ta da lokacin da za ta ba ka. Kuma in ruwan sama ya duke ta a haka, ban san abin da za mu kai likita ba."

Tanko ya ce, "Shigo ka riƙe shi da hannu."

Na ce, "Baba, ni ban iya ruwa ba."

Ya ce, "Wa ya ce ka yi iyo? Riƙe taga aka ce."

Ban san sa'ad da na shiga ba. Na durƙusa cikin rumfar, na manna gilashin a gurbinsa, na tokare shi da tafin hannu da ƙirji. Muna barin gaɓa ruwa ya ɓarke, iska na dukan gilashin tana neman turo mini shi. Jirgi ya yi sama ya yi ƙasa. Duk addu'ar da na sani na karanta, har ta shiga kasuwa. Ta cikin gilashin ina kallon jan ruwa na wucewa da rassan itace, na rufe ido, sai abin ya fi muni.

A tsakiyar gulbi Dije ta yi wani nishi da har yau ina jin sa. Na waiga na ga kanta dab da gwiwata, ruwan da ke tsiyaya ta gefen gilashi yana neman fuskarta. Na karkata na tare shi da bayana. Daga nan tsoro ya sake ni, ba don na zama jarumi ba, sai don ba ni da hannun da zan riƙe shi da shi.

Muka kai gaɓa, tabarmarta a bushe. Da za a fita sai da Tanko ya ɓamɓare yatsuna daga gilashin. Na fito na zauna daɓas cikin laka. Kafin magariba labari ya zo daga likita cewa ta sauka, namiji.

Abin da na koya shi nake faɗa muku kullum. Kafin ku zaɓi ƙusa ko fenti ko mastik, kada ku tsaya kan abin da kuke tsoro. Ku tambayi inda kayan zai wuni, da wanda zai wuni kusa da shi.

Bayan suna, Buba ya zo ataliye janye da wata jar akuya mai ƙaton ciki. Ya miƙa mini igiya ya ce, "Malam Sani, ga ladanka. Wannan ita ta fi kowa ci." Alhaji Idi ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Jikokinta ne kuke gani a gidana. Yaron Dije kuwa ya shiga lakol, wato makarantar boko, bana, kuma duk sa'ad da ya wuce nan sai ya leƙo ya gaishe ni da sunan da kuke ɓoyewa.