Hirar da Na Yi Ina Haki

A duk shekarun da na yi a gidan rediyo, ban taɓa mantawa da ranar da wata 'yar Koriya ta sa ni guje-guje da kaftani ba.

Lokacin ni ke riƙe da shirin wasanni na mako-mako a sashen Hausa, a ofishinmu na kudu maso yammacin Washington. Tsarin aikin shi ne, ranar Litinin mai shiri ya faɗa wa edita abin da zai kawo, Juma'a ya miƙa shi a haɗe, Asabar a watsa. Wata Litinin editanmu, Malam Bala, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam Isa, masu sauraro sun fara ƙorafi. Kullum ƙwallon ƙafa. Babu wani wasa ne a duniya?"

"Akwai, Yallaɓai."

"To, kawo shi wannan makon."

Abokina Dokta Aminu na garin Mitchellville, kusa da Washington, shi ne ya fitar da ni. Ya ce yana zuwa rage tumbi a wani zauren badminton, kuma mai koya musu tsohuwar ƙwararriyar 'yar wasa ce daga Koriya ta Kudu. Kowa Koci yake ce mata. Ga wanda bai san wasan ba, raga ake ɗaurawa a tsakiya, a riƙa buga wani ɗan ƙwallo mai gashin tsuntsu da wani faifai mai mariƙi da ake kira raket, kada ya taɓa ƙasa.

Ranar Laraba na je da rakodata da tambayoyina. Na tarar da mace 'yar siririya, ta ɗaure gwiwar dama. Muka zauna a benci, muka fara da Turanci.

"Yaushe kika fara wasa?"

"Tun ina firamare."

"Ya rayuwar ƙwararren ɗan wasa take?"

"Da wuya."

"Me ya sa kika bari?"

Ta nuna gwiwarta. Rediyo kuwa ba ya ɗaukar nuni. Na ƙare tambayoyina kaf, abin da na samu bai isa ko sallama da gaisuwa ba, ga Juma'a tana tahowa. Ina haɗa kayana sai ta ce, "Ka taɓa bugawa?" Na ce a'a. Ta ce, "To me za ka faɗa wa mutanenka?" Ta miƙo mini raket.

Na tattare hannun riga, na ajiye hula, na bar rakoda a kunne a gindin raga. Ita ko matsawa ba ta yi, wuyan hannu kawai take juyawa. Ta aike ni dama, ta aike ni hagu, ta sauke ƙwallon a bakin raga, ina isowa ta cilla shi bayana. Dokta Aminu yana gefe yana ta "Sannu, Malam! Kai, saura kaɗan!"

Abin mamaki, sai bakinta ya buɗe. Tana bugu tana magana. Ta ce a makarantar kwana ta 'yan wasa ta girma, su yi gudu kafin karin kumallo ko ana ƙanƙara. Ta ce wasan bibbiyu ta ƙware a kai, ita a gaba, abokiyarta a baya, har ta kai daga ƙarar takalmin abokiyar take sanin inda za ta buga. Sai gwiwa ta tsinke ana shirin wata babbar gasa, aka haɗa abokiyar da wata.

"Sun yi nasara?" na tambaya, numfashina yana sama-sama.

Ta cafe ƙwallon da hannu. "Sun yi. Ina kwance a asibiti na gani. Na yi mata murna ƙwarai. Sannan na roƙi nas ta kashe talabijin."

Ta cillo mini ƙwallon, ta ce, "Ɗaga raket ɗinka, ba ludayi ba ne."

A situdiyo na gane matsalata. Duk maganarta mai daɗi tana haɗe da hakina, ba yadda za a raba. Na kai wa Malam Bala ina ba da haƙuri. Ya saurara har ƙarshe, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

"Wannan gurnanin na waye?"

"Nawa ne, Yallaɓai. Zan yi ƙoƙarin gogewa."

"Kada ka taɓa shi. Shi zai gaya wa mutumin Gumel cewa wasan ba na yara ba ne."

Aka ɗora fassarar Hausa a kan muryarta, kamar yadda muke yi, tata tana fita ƙasa-ƙasa. Bayan an watsa, saƙonni suka yi ta shigowa. Wasu na tambayar ko Malam Isa ya farfaɗo. Wani tsohon ɗan dambe daga Maraɗi kuma ya bugo waya ya ce a gaida matar nan, shi ma tun da hannunsa ya karye bai sake zuwa kallon dambe ba.

Ku da kuka zo bayanmu a aikin rediyo, abin da na koya ke nan. 'Yan wasa ba su iya ba da labarinsu a zaune, a jikinsu yake. Idan amsa ta ƙi fitowa, ku daina ƙara tambaya, ku tashi ku shiga abin da mutumin yake yi. Sai dai ku shirya, don ni sai da na yi kwanaki ina sallah a zaune.