Duman Iya da Ruwan Anacha

Ina aji uku a firamare Baba ya ɗauko Iya daga ƙauyenmu na wajen Gumel ya kawo ta Anacha. Mahaifiyarsa ce, sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara. Kakanmu ya rasu, gwiwoyinta sun ƙi, babu ko mai ɗebo mata ruwa a can. Baba yana sayar da albasa a bakin gada, muna haya a wani gida mai ɗan fili a baya, inda murhu yake da igiyar shanya da bishiyar gwaba.

Iya ba ta so garin ba ko kaɗan. Ƙarar okada ta dame ta, zufa ta dame ta, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne asuba ta yi ba ta ji kukan tsuntsu a tsakar gida ba. A can gidanta gwara har cikin rumfa suke sheƙa. Sai ta sa Baba ya yo mata saƙon duma a motar albasa. Ta fafe kowanne ta yi masa ƙofa, aka rataye su a gwaba da jikin katanga, ta zuba gero a fasasshen kasko, ruwa a murfin tukunya. Duk ta juya bakunansu yamma, yadda kowa ke yi a wajenmu, tunda hadari daga gabas yake tasowa.

Gwara suka zo kuwa. Su ci gero, su sha ruwa, su leƙa duma, su tashi abinsu. Damina ta yi nisa, babu wadda ta zauna. Rannan na ji Iya tana gaya wa Baba, ba da wasa ba, cewa wurin da tsuntsu ya ƙi kwana ita ma ba za ta ƙarasa kwananta a ciki ba. In ruwa ya ɗauke babu sheƙa, ya kai ta tashar Upper Iweka ya sa ta a motar gida. Baba ya yi lallashi har ya gaji. Ni kuwa na san Iya in ta faɗi magana ba ta janyewa, na kuma san babu mai kula da ita a can.

Bayan magariba, in an ɗauke wuta, muna zagaye murhu ana gasa masara. Iya ba ta fara tatsuniya yadda kowa ke farawa. Sai ta ce, "Ga wata ta sauka a kan katanga." Mu ce a watsa mata gero. A damunar nan tatsuniya ɗaya ta riƙe, ta wata gwara da iska ta kayar da bishiyarta, ta shiga duniya neman masauki. Ta je gidan maƙeri, ƙarar guduma ta kore ta. Ta je gidan mahauci, ta ga kyanwa tana lasar baki. Ta je gidan attajiri, aka ba ta hatsi har ya ishe ta, amma babu inda za ta sa kai. Daga nan sai Iya ta juya masara, ta ce gwara ta koma ta kwanta a kan kututturen bishiyarta, shi ke nan.

Sauran yaran gidan dariya suke yi in ta kwaikwayi kyanwa. Ni ba na dariya. Na san wace ce gwarar. Na ce mata ai tatsuniyar ba ta da daɗi, ta ce, "Takwara, ba ni na yi ta ba, haka ta zo."

Wata la'asar hadari ya haɗu, Mama Ngozi, matar mai gidan da muke haya, ta fito kwashe shanya. Ta daɗe tana kallon duman nan tana tsammanin wani magani ne na Hausawa, ba ta tambaya ba. Ranar dai ta tambaye ni da Turancin Broka, na gaya mata. Sai ta miƙa hannu ta sauko da ɗaya ta kifar. Ruwa ya tsiyayo, da jiƙaƙƙiyar ciyawa da 'yan gashin tsuntsu. Ashe sun fara ginin, ruwa ne yake korarsu! Ta nuna wajen kogi, yamma da mu, da haɓa, ta ce wa Iya da 'yar Hausarta, "Mama, ruwanmu daga can yake zuwa."

Iya ta dubi ciyawar nan a ƙasa. Can sai ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah. Ashe har hadarin garin nan bai san gabas ba." Ta yi dariya har da hawaye. Kafin ruwan ya sauko mun juya duman gaba ɗaya sun ba kogi baya, ta sa an huda gindin kowanne da ƙusa don ko ruwa ya shiga ya fita.

Ban iya cewa ga tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai tuna wata safiya ina sa takalmin makaranta, Iya ta yafito ni daga tabarmarta, ta ɗora yatsa a leɓe. Daga cikin duman gwaba ake jin 'yan tsaki suna tsuwa. Wallahi zama na yi daɓas a ƙasa ina saurare. Ranar a aji ban san me aka koyar ba.

Da yamma ta sake kawo gwarar nan. Maƙeri, mahauci, attajiri, duk aka wuce su. Sai ga wani gida da ba mu taɓa ji ba, na wata tsohuwa mai taurin kai wadda ta yi ɗaki mai kyau amma ta buɗe ƙofarsa ga ruwa, har maƙwabciya ta zo ta gyara mata. Gwara ta shiga ta yi 'ya'ya. Na ce ai cewa ta yi haka tatsuniyar ta zo, ta ce in rufe mata baki in ci masarata.

Iya ta ga aurena kafin ta rasu, a Anacha aka binne ta. Da ina yarinya na ɗauka labarin tsuntsu ne kawai. Sai da aure ya kai ni Inugu, aiki ya kai mu Fatakwal, na zauna cikin mutanen da na ga kamar ba sa so na, sannan na tuna ciyawar nan da ta zubo daga duma. Tsuntsayen sun so zama tun farko, mu ne ba mu tambayi kowa ba. Yanzu duk gidan da muka tare, kafin in rataye dumana sai na ƙwanƙwasa wa maƙwabciya ƙofa na tambaye ta ta ina ruwansu yake zuwa.