Jarin Asabe ya tafi Bunguɗu

Ranar da Asabe ta shigo mana ba gyaɗa a kanta ba ta taɓa fita raina ba, duk da shekarun da suka shuɗe. Ku da kuka shigo sana'ar nan yanzu, inji kuka tarar yana matsa muku mai, shi ya sa nake son ku ji yadda muka faro.

A kakar 1997 muka haɗa kai, mu matan unguwa a Tsafe, muna yin man gyaɗa a gidan Hajiya Kulu, shugabarmu. Ni aikina awo ne. Da yake na yi sakandare kafin aure, sai aka ce in riƙa auna gyaɗar kowa da tiya, in kuma auna mai a kwalba. Kowace mace da jarinta. Idan ta sayo gyaɗa sai mu taru mu soya, mu murje, a kai inji a niƙo, sannan a tuƙa a turmi da ruwan zafi har mai ya taso. Tunkuzar da ta rage ita ake soyawa ta zama ƙuli-ƙuli. Man kuwa wani direba ke kai mana kasuwar Gusau.

Dokar Hajiya Kulu guda ce. Kuɗin mai uwa ne, ba a taɓa su, da su ake sake sayen gyaɗa. Kuɗin ƙuli-ƙuli su ne riba, su mace za ta ci. Takan ce, "Wadda ta cinye uwarta kada ta zo tana yi mini kukan maraici."

Asabe mutuniyar 'Yandoto ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Akuyarta ta sayar ta yi jari. Duk cikinmu ba wadda ta kai ta iya tuƙi, ga tsantseni. Ban taɓa ganin ta sayi ko ɗankunne da kuɗin mai ba.

Da bazara ta shigo gyaɗa ta fara tsada. Wata safiya muna hura wuta sai ga Asabe ta yi sallama, ta samu gefen turmi ta tsuguna.

Hajiya Kulu ta ce, "Asabe, ina gyaɗarki?"

"Hajiya, yau dai hannuna na kawo."

"Hannu muke tuƙawa? Ina kuɗin man da aka kawo miki daga Gusau?"

Ta sunkuyar da kai. "Sun tafi Bunguɗu."

Nan muka gane. Ƙawarta ta biki ce ke aurar da ɗiya a can. Kun dai san yadda biki yake: abin da aka kawo miki ranar sha'aninki, ninkinsa za ki mayar ranar nata. Lokacin sunan autan Asabe, ƙawar ta kawo turmin atamfa. To yanzu turmi biyu ne a wuyanta, ban da kwanuka da kuɗin mota, ga shi man fetur na wuya a lokacin.

Hajiya ta ce, "Ba ki iya cewa ta yi haƙuri sai kaka?"

"Haba Hajiya. Ranar da Malam ya rasu ita ta fara isowa, a bayan motar itace. Ita ta dafa wa yarana har aka share makoki. In shiga gidan bikinta da mi? Da kwalbar wofi? Ni ma ga ɗiyata ta tasa. Ran nata wa zai zo mini?"

Hajiya Kulu mai faɗa ce, amma ranar sai ta juya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Mun yi abin da za mu iya. Kowa ta ɗebi tiya guda daga tata gyaɗar muka haɗa mata. Sai dai gyaɗa kaɗan ba ta fitar da kuɗin niƙa da na mota, farashi kuma kullum sama yake yi. Abin da ta samu a wannan makon bai sayi gyaɗar mako mai zuwa ba. A hankali Asabe ta koma tana tuƙa mana namu, muna sallamarta da tunkuza. Na sha juya fuska idan ana miƙa mata, don kada idonmu ya haɗu.

Kafin ruwa ya sauka kuɗin hayar ɗakin da take zaune a Tsafe ya gagare ta. Ta koma 'Yandoto gidan wanta, dangi suka rarraba yaran, babbar aka kai ta Gusau wajen gwaggonta. Na raka ta bakin titi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki sa ni a addu'a, Allah ya tara mini su wuri ɗaya." Na ce amin.

Bayan tafiyarta Hajiya Kulu ta tara mu ta ce dokarta ce ba ta cika ba. Ta raba mana kuɗi gida biyu, alhali mace gida uku take kashewa: sana'a, ciki, da zumunci. Daga ranar kowa ta samu gwangwani tana jefa wani abu daga kuɗin ƙuli-ƙuli, komai ƙanƙantarsa, ana ce masa na biki.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, yawancin matan da na ga jarinsu ya karye ba kwaɗayi ya karya su ba, kunya ce da alheri. Aure da suna da rasuwa ba baƙi ba ne, kun san suna tafe. Ku tanade su tun ba a aiko muku da goro ba. Mu sai da aka raba uwa da 'ya'yanta muka koya.