Izinin da Baba Mai Makulli Ya Riƙe

Kafin kowa ya iso ofishinmu na neman waɗanda suka ɓata, Baba Mai Makulli ya riga ya goge kwamfutarsa, ya kunna fankar nan mai kukan tsiya, ya zauna. Shi ke kula da rumbun bayananmu. Wata mai zuwa zai ajiye aiki, idanu sun gaji, kuma wallahi raina ba daɗi.

A rumbun akwai babban tebur, wato jerin sunaye a kwamfuta, mai ɗauke da duk wanda ake nema, sai ƙananan tebura biyu a ƙarƙashinsa da suka gaje shi: na waɗanda aka samu da rai, da na waɗanda aka tarar sun rasu. Baba yakan ce, "Wanda na ba izinin karanta babban, ta nan zai ga duk abin da ke cikin ƙananan, ko ban buɗe masa su ba. Umarnin gogewa ma haka yake bi ta kansu." Mun sha tsokanarsa da rowar izini.

Sai aka ɗauki wata yarinya aiki, muna ce mata Auta. Yayanta na cikin waɗanda ake nema, abin da ya kawo ta ke nan. Ta nemi izinin babban teburin, Baba ya yi ta ja mata rai.

"Haba Baba, sai ka ce ƙodarka na roƙa!"

"Yi haƙuri 'yata, bari zuwa gobe."

Ashe a makon nan sunan yayanta ya shiga teburin mamata. Da a ce ya buɗe mata, da a allo za ta gani, ita kaɗai, tana tsakar aiki. Baba ya shanye fushinta, ya taka da ƙafarsa ya nemo kawunta. A ƙaramin ɗakin baya suka zaunar da ita, suka faɗa mata. Mun ji kukanta, mu ma muka yi.

Bayan makoki ta dawo, ta tsaya gabansa. "Baba, buɗe min yanzu. Akwai yayyen wasu da ake nema." Ya buɗe mata.

Baba, kai ne mai makullin da ke duba fuskar mutum kafin ya buɗe masa ƙofa. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku da za ku gaji kujerarsa, kafin ku ba da izini, ku fara duba abin da ke ƙarƙashin teburin, sannan ku dubi wanda zai karanta.